Laurens Hammond: Injiniyan da ya ƙera ogan ɗin lantarki, ya kuma yaƙi lasifikar da ta ɗaukaka shi

Duk wanda ya taɓa zama a situdiyon haɗa waƙa a Kano, Kaduna ko Jos, ya ga mai kiɗa yana laluben sautuka a kan fiyanon Yamaha ko Korg, da wuya a ce bai ji an danno wani sauti mai kauri, mai karkarwa kamar iska ce ke kaɗa shi ba. Sautin ogan ke nan. Fiyanon zamani kwaikwayonsa kawai yake yi. Asalin sautin na wani ƙaton akwatin katako ne da wani Ba'amurke mai suna Laurens Hammond ya fito da shi kasuwa a shekarar 1935.

Hammond bai iya kiɗa ba. Injiniya ne, kuma da sayar da agogo ya fara yin suna. Sannan sautin da duniya ta fi so daga na'urar tasa ba shi ne wanda ya yi niyyar a ji ba. Makaɗa da masu gyaran kayan lantarki ne suka yi ta yi mata ƙari da kwaskwarima, shi kuwa ya shafe shekaru yana neman hana su.

Maraya a Turai

An haifi Laurens Hammond ranar 11 ga Janairun 1895 a garin Evanston da ke kusa da birnin Chicago, a jihar Illinois ta Amurka. Mahaifinsa babban ma'aikacin banki ne, kuma ya rasu a 1897, lokacin yaron bai kai shekara uku ba. Mahaifiyarsa, wadda mai zane ce, ta kwashi 'ya'yanta ta koma Turai da su. A can ya tashi, ya kuma iya Faransanci da Jamusanci.

Tun yana ƙarami hankalinsa na kan inji. Kafin ya wuce shekara 14 ya zana tsarin giyar mota mai sauya kanta da kanta. Mahaifiyarsa ta ba shi shawarar ya kai wa injiniyoyin kamfanin Renault na Faransa, ya kai, amma ba su karɓa ba.

Iyalin sun koma Amurka yana ɗan shekara 14. Ya karanci aikin injiniya a Jami'ar Cornell, ya kammala a 1916. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya aka tura shi Faransa cikin rundunar injiniyoyin soja, inda ya kai muƙamin kyaftin. Bayan yaƙi ya kama aiki a birnin Detroit a matsayin babban injiniyan wani kamfanin ƙera injinan jiragen ruwa mai suna Gray Motor.

Aikin albashi bai riƙe shi ba. A 1920 ya ƙirƙiro agogon da ba ya ƙarar tik-tik, ta hanyar rufe injinsa a cikin akwatin da ke shanye sauti. Kuɗin da ya samu daga nan ne suka ba shi damar ajiye aiki, ya koma New York ya zauna yana ƙirƙire-ƙirƙire.

Daga silima zuwa agogo

A ƙarshen 1922 ya gwada sa'arsa a harkar silima. Ya fito da wani tsari mai suna Teleview, wanda ke sa mai kallo ya ga hoto kamar zai fito daga allo ya same shi. An kafa wa kowace kujera 'yar na'urar leƙawa mai ɗauke da murfin da ke juyawa daidai da na'urar haska fim. Gidan kallo ɗaya tak aka saka wa tsarin a New York, kuma bai daɗe ba aka watsar da shi saboda tsada.

Amma wani abu ya tsira daga wannan asara: ɗan ƙaramin injin lantarkin da ke juya murfin. Wutar da ake raba wa gidaje a Amurka tana kai da komowa a cikin waya sau 60 a kowane sakan. Injin Hammond yana bin wannan bugu ne sau da ƙafa, ba ya ƙara gudu, ba ya ragewa. Injin da gudunsa ba ya sauyawa kuwa, agogo ne kawai ke jiran a saka masa hannuwa.

A 1928 ya kafa kamfanin Hammond Clock a yankin Chicago. Agogunansa na farko ba sa tashi da kansu, sai an murza wani ɗan maɓalli a bayansu. Kamfanin ya mayar da wannan abin talla: idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, agogon zai tsaya cik, mai gida ya san lokacin da yake nunawa ba daidai ba ne, maimakon ya ci gaba da tafiya yana yaudarar mutane.

Kasuwa ta buɗe, sai kuma tattalin arzikin Amurka ya karye daga 1929. Kamfanonin agogo suka yi ta durƙushewa. A 1932 Hammond ya ɗan farfaɗo da wani teburin karta mai raba wa 'yan wasa kati da lantarki, amma yayinsa bai daɗe ba. Dole ya nemo wani abin da injinsa zai juya.

Yadda ƙarfe ke yin kiɗa

A wancan zamani, ogan na nufin wanda ake ginawa a jikin coci ko babban zaure, mai ɗaruruwa ko dubban bututu da ake hura wa iska. Kuɗinsa sun fi ƙarfin ƙananan coci-coci, kuma ba a ɗaga shi daga inda aka kafa shi. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 wani Ba'amurke mai suna Thaddeus Cahill ya gwada samar da kiɗa da injinan lantarki, amma na'urarsa, Telharmonium, ta kai nauyin tan 200, sai da taragun jirgin ƙasa aka ɗauke ta.

Hammond ya ɗauki wannan tunani ya ƙanƙantar da shi. A 1933 ya sayi wani tsohon fiyano, ya zubar da komai na cikinsa ban da madannan, ya fara gwaji. Tunda shi kunnensa bai san daɗin sauti da rashinsa ba, sai ya dogara da wani ma'aikacin sashen kuɗi na kamfaninsa, W. L. Lahey, wanda ya iya buga ogan a coci, yana gaya masa inda aka dace da inda aka kauce.

Dabarar tana da sauƙin fahimta. A cikin akwatin akwai ƙananan fayafayan ƙarfe, kowanne faɗinsa wajen santimita biyar, bakinsa da tudu da kwari. Kowane faifai yana juyawa a gaban sandar maganaɗisu da aka naɗa wa siririyar waya. Duk lokacin da tudu ya gifta, sai ya haifar da ɗan motsin lantarki a cikin wayar. Yawan tudun da saurin juyawar su ne ke yanke ko sautin zai yi kauri ko zai yi siriri. Yawancin manyan ogan ɗin Hammond suna da irin waɗannan fayafayai 91, kuma inji ɗaya ne irin na agogo yake juya su duka.

A saman madannan kuma akwai 'yan sanduna tara-tara da ake ja ko turawa. Kowace sanda na ƙara wani sashe na sautin, daga sifili zuwa mataki na takwas, kamar yadda mai girki ke ƙara kayan yaji gwargwadon yadda take so miya ta fito. Kamfanin ya riƙa tallan cewa ana iya haɗa sauti iri miliyan 253 da su.

An ba shi takardar mallakar wannan ƙirƙira a watan Afrilun 1934, aka kuma nuna wa jama'a ogan ɗin farko, Model A, a New York a Afrilun 1935. Attajirin motoci Henry Ford da shahararren mai tsara kiɗa George Gershwin suna cikin waɗanda suka fara mallakarsa. An ƙiyasta cewa coci 1,750 ne suka saya a shekaru ukun farko.

Shari'ar suna

Masu ƙera ogan mai bututu ba su zuba ido suna kallo ba. A 1936 hukumar da ke sa ido kan harkokin kasuwanci ta gwamnatin tarayyar Amurka ta tuhumi kamfanin Hammond da yaudarar jama'a a tallace-tallacensa, musamman iƙirarin cewa na'urarsa na yin duk abin da ogan mai bututu ke yi.

A 1937 aka shirya gwaji a ɗakin ibada na Rockefeller da ke Jami'ar Chicago. Aka haɗa ogan ɗin Hammond na kimanin dala 2,600 da wani mai bututu na dala 75,000, aka zaunar da masana kiɗa da mutanen gari, aka ce su bambance wanda ke tashi. Lauyoyin Hammond sun ce masu sauraron sun yi ta kuskure. Shaidun hukumar kuma suka yi zargin cewa mutanen Hammond sun taɓa ogan mai bututun a ɓoye domin sautinsa ya yi kama da nasu.

A 1938 hukumar ta umarci kamfanin ya daina wasu daga cikin iƙirarinsa, ciki har da cewa na'urar daidai take da ogan mai bututu na dala 10,000. Amma an bar masa sunan ogan, wanda shi ne abin da abokan hamayya suka fi so a ƙwace. Hammond ya ɗauki hakan a matsayin nasara, domin surutun da shari'ar ta jawo ya ƙara masa ciniki.

Mai gyaran rediyon da aka raina

Babbar rigimar rayuwarsa ta zo ne daga wani wanda ya sayi kayansa. Donald Leslie mai gyaran rediyo ne a Los Angeles. A 1937 ya sayi ogan ɗin Hammond yana sa ran jin irin sautin da ke cika manyan gidajen kallo. Da ya kunna shi a ɗakinsa sai ya ji sautin a bushe, ba rai.

Leslie ya gano dalili. A ogan mai bututu, kowane sauti daga wani wuri dabam yake fitowa, ya bugi bango ya dawo, har mai sauraro ya ji kiɗan na zagaye shi. A na Hammond kuwa komai daga rami ɗaya yake fita. Sai ya yanke shawarar sa sautin ya yi motsi.

Akwatin da ya ƙera, a siffar da ya fi shahara da ita daga baya, yana raba sauti gida biyu. Siririn sauti yana hawa sama ya fita ta wani ƙaho mai juyawa. Ƙahonin biyu ne a ido, amma ɗaya toshe yake, aikinsa kawai daidaita nauyi. Sauti mai kauri kuma yana sauka ƙasa, inda wata ganga mai juyawa ke watsa shi ko'ina. Idan bakin ƙahon ya nufo mai sauraro sautin kan ɗan ƙara tsini da ƙarfi, idan ya juya baya ya ɗan sauka, kamar yadda jiniyar motar asibiti ke sauya murya idan ta wuce mutum a titi. Akwai gudu biyu, na a hankali da na sauri, kuma abin da makaɗa suka fi so shi ne 'yan sakannin da ƙahon da gangar ke ɗauka suna hawa ko sauka daga wannan gudu zuwa wancan, kowanne a nasa lokacin.

A 1940 Leslie ya kai wa kamfanin Hammond na'urar, da fatan za su saya ko su ɗauke shi aiki. Aka sallame shi. Shi Hammond so yake ogan ɗinsa ya fitar da tsaftataccen sauti irin na coci, ta lasifikar da kamfaninsa ya ƙera. A ganinsa akwatin Leslie ɓata masa aiki yake yi.

Leslie ya koma gida ya fara ƙerawa da kansa a 1941, ƙarƙashin kamfaninsa Electro Music da ke Pasadena a jihar Kalifoniya. Daga nan aka shiga wasan ɓuya. Kamfanin Hammond ya matsa wa dillalansa kada su sayar da lasifikar. Ya sauya tsarin soket ɗin ogan ɗinsa domin fulogin Leslie ya ƙi aiki. Leslie kuma ya fito da 'yan kayan haɗi da ke warware matsalar, har da wani maɓalli mai siffar rabin wata da ake ɗaurawa da kusa a gaban madannan, domin mai kiɗa ya sauya gudun lasifikar da hannun hagu ba tare da ya tsaya ba. Masu saye suka riƙa ɗaukar ogan a shago ɗaya, su nemo lasifikar a wani.

Injiniyoyin Hammond sun yi nasu ƙoƙarin. Ɗaya daga cikinsu, John Hanert, ya ƙirƙiro wata na'urar sa sauti karkarwa da aka saka a cikin ogan ɗin tun daga shekarun 1940. Ta samu karɓuwa, amma ba ta kori Leslie ba. Makaɗa suka haɗa biyun suna amfani da su tare. Daga baya Leslie ya bayyana cewa ƙiyayyar da aka nuna masa talla ce ta kyauta ta zame masa.

Kayan ya fi ƙarfin mai shi

Hammond ya yi ogan ɗinsa ne domin coci-coci da falon masu hali. Inda ya fi yin tasiri dabam ne. A 1939 cocin First Church of Deliverance na baƙaƙen fata a Chicago ya saka shi cikin waƙoƙin ibadarsa, kuma daga nan ya bazu a coci-cocin baƙar fata, inda mai ogan ke amsa wa mai wa'azi jimla bayan jimla.

A tsakiyar shekarun 1950 kamfanin ya fito da samfurin B-3, wanda nauyinsa ya kusa kilo 190. Wani matashi daga yankin Philadelphia, Jimmy Smith, ya sayi ogan ya ajiye a wani sito, ya kulle kansa yana atisaye na kusan shekara guda. Da ya fara fitar da fayafayai a kamfanin Blue Note a 1956, sai ya nuna cewa mutum ɗaya da ogan da lasifikar Leslie zai iya cike gurbin rabin ƙungiyar makaɗa. Masu gidajen rawa suka ga sauƙi, makaɗan jaz suka bi sahu.

Har abin da Hammond ke ɗauka aibi ne ya zama abin so. Kowane madanni yana haɗa wayoyi tara a lokaci guda, kuma hakan na haifar da wata 'yar ƙara, ƙyas, a farkon kowane sauti. Injiniyoyin kamfanin sun yi ta neman hanyar kashe ta. Makaɗa kuwa ita suke nema, domin ita ke sa kiɗan ya fito da kaifi.

Da zamanin kiɗan rok ya zo, kwaskwarimar ta wuce duk inda Hammond zai yi zato. Jon Lord na ƙungiyar Deep Purple ya haɗa ogan ɗinsa da amfilifayar jita ta Marshall domin sautin ya yi gurnani. Keith Emerson ya riƙa cusa wuƙaƙe tsakanin madannai domin su danne. Masu yawon wasa gari-gari suka riƙa kai nasu wurin masu gyara a yanke ƙafafun katakon, a mayar da kayan cikin ƙaramin akwatin da zai shiga mota. A 1966, a situdiyon Abbey Road da ke Landan, injiniyoyi suka bi da muryar John Lennon na ƙungiyar Beatles ta cikin lasifikar Leslie a waƙar Tomorrow Never Knows, abin da ya nuna akwatin ya daina zama na ogan kaɗai. Masu son Bob Marley ma sun san sautin Hammond, ko da ba su san sunansa ba: shi ne ke buɗe No Woman, No Cry a wasan da aka naɗa a Landan a 1975.

Akwai wata kwaskwarimar da ta zama dole saboda asalin na'urar daga agogo. Tunda injin yana bin bugun wuta ne, ogan ɗin da aka ƙera domin wutar Amurka mai bugu 60, idan aka kai shi Turai ko ƙasashe irin su Najeriya da Nijar masu bugu 50, duk sautinsa sauka yake yi, ko da an daidaita ƙarfin wutar. Sai an sauya masa kayan ciki ko an saka masa na'urar gyara bugun wuta. Idan kuma aka jona shi da janareton da gudunsa ke hawa da sauka, kiɗan ma haka zai riƙa hawa da sauka. Haka nan tsohon ogan yana buƙatar a ɗiga masa man inji na musamman kamar sau ɗaya a shekara, kuma da maɓalli biyu ake tayar da shi, ɗaya bayan ɗaya.

Sauran ƙirƙire-ƙirƙirensa

Ba wai Hammond ba ya son kayan ƙari ba ne, nasa kawai yake so. A 1940 ya fito da Solovox, ɗan gajeren jerin madannai da ake maƙalawa a ƙarƙashin madannan fiyano na gargajiya domin ƙara masa muryar lantarki. Shekara guda kafin nan ya fito da Novachord, mai kwalaben lantarki sama da 160, wanda ake lissafawa cikin kakannin fiyanon zamani. Kaɗan ya haura dubu aka ƙera kafin yaƙi ya tsayar da aikin a 1942.

Shi ma ya lura cewa ogan a ƙaramin ɗaki ba ya amsa-kuwwa, don haka ya samar da hanyar bi da sauti ta cikin sifirin na ƙarfe domin ya fito kamar a babban zaure ake. A farkon shekarun 1960 kamfanin Fender ya ɗauki wannan fasaha ya saka a kayan jitarsa, kuma har yau ana amfani da ita. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya yi wa sojan Amurka aiki kan na'urorin sarrafa makamai masu linzami. Gaba ɗaya ya mallaki takardun ƙirƙira kusan 110.

Ƙarshen rayuwa

Hammond ya sauka daga shugabancin kamfanin a 1955, ya yi ritaya gaba ɗaya a 1960 yana da shekara 65. Bayan tafiyarsa ne kamfanin ya fara sassautowa, har aka riƙa saka lasifikar Leslie a cikin wasu ƙananan samfuran na gida. Leslie kuwa ya sayar da nasa kamfanin ga CBS a 1965.

Laurens Hammond ya rasu ranar 1 ga Yulin 1973 a garin Cornwall na jihar Connecticut, yana da shekara 78. Wajen shekara biyu bayan haka aka daina ƙera ogan mai fayafayan ƙarfe, aka koma na taransisto mai araha. A 1980 kamfanin Hammond ya sayi Electro Music da sunan Leslie daga hannun CBS, shekara 40 bayan an sallami mai shi daga ƙofa. Cinikin bai ceci kamfanin ba, domin kayan Japan masu sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka sun riga sun cinye kasuwa, kuma ya rufe a 1985. Donald Leslie ya rayu har 2004, ya rasu yana da shekara 93.

A yau kamfanin kayan kiɗa na Suzuki da ke Japan ne ke riƙe da sunayen biyu, yana sayar da Hammond da Leslie a shago ɗaya. Tsofaffin B-3 kuma har yanzu ana nemansu, masu gyara suna farfaɗo da su suna sayarwa da tsada. A sababbin samfuran na kwamfuta, injiniyoyi sun zauna sun kwaikwayi juyawar ƙahon Leslie, suka kuma mayar da 'yar ƙarar nan ta ƙyas da gangan, har da wurin da mai kiɗa zai ƙara mata ƙarfi idan ya ga ta yi kaɗan.